Sunan da Na Ɓoye Miki

Jambutu, Garwa

Zuwa ga 'yata Nafisatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da hanya tun ba ki gama ta ba. Ban san inda za ki buɗe wannan takarda ba, ko a mota kafin ku kai Ngaundare, ko a jirgin ƙasa bayan kin samu wurin zama kin ajiye kaya. Duk inda ta same ki, Allah Ya sa ta same ki lafiya. Allah Ya tsare hanya, Ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, Ya sauke ki Yawunde a hannun mutanen kirki.

Na san za ki yi dariya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma na zauna kwana uku ina rubuta miki wasiƙa da wannan rubutun nawa na yaƙi da jahilci, na cusa ta ƙarƙashin zannuwanki. Kin san halina, idan magana ta yi mini nauyi a gaban mutum, sai in mayar da ita faɗa ko wasa. Wannan kuwa ba na so ta zama ko ɗaya daga ciki.

Da farko dai ki sani ina alfahari da ke, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ranar da aka kira ki a waya aka ce makarantar masu ginin yumɓu ta ɗauke ki na shekara biyu, har bakin titi na fita na gaya wa mai gawayi, shi da bai tambaye ni ba. Mahautan layinmu sun ji, matan famfo sun ji, wata ma sau biyu na gaya mata, ta yi haƙuri ta sake yi mini barka. Yarinyar da na goya ina kwaɓa laka, yau ita ce manyan malamai suka ga hoton aikinta suka ce ta zo.

Amma akwai layi ɗaya a dosiyenki, wato takardar da za ki miƙa wa makarantar, da ya hana ni sakat. Kin karanta mini shi da Faransanci, kika juya mini da Hausa, fuskarki cike da murna. Kin rubuta cewa ginin tukwane gadon gidanmu ne, daga kakanninmu na Kano ya taho, uwa tana ba 'ya har ya iso hannunki. Kin ce wannan maganar za a buga a liƙa a bango kusa da tukwanenki ranar da za a baje aikinku jama'a su gani. Nafi, layin nan ƙarya ne. Ba ke kika yi ta ba, ni na yi ta tun ba a haife ki ba, na shayar da ke ita. Ranar Litinin za ki miƙa takardar, don haka kina da sauran lokacin gyarawa idan kin ga dama. Zan gaya miki yadda abin yake. Amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, in ɗan samu ƙarfin gwiwa.

Ina ganinki kullum da waya a hannu, kina kallon aikin maginan zamani na ƙasashen duniya. Kin nuna mini kwanon wani mutumin Japan, karkatacce da gangan. Kin nuna mini tukunyar wata mata ta Afirka ta Kudu, baƙa wuluk, tsayinta ya kai ƙirjin mutum. Kin nuna mini wasu farare da ba a san bakinsu ba balle gindinsu. Ki ci gaba da kallo, ban hana ki ba. Ni ma na taɓa kamuwa da son abin da na gani a hoto, sai dai nawa a kalanda ne.

Kina rarrafe a lokacin. Na shiga wani kantin magani, sai na ga kalanda a bango da hoton wani tulu fari fat, mai dogon wuya siriri kamar na zalɓe. Na tsaya kallo har mai kantin ya ce, "Hajiya, magani kike so ko kalandar?" Na ce duka biyun. Da shekara ta ƙare ya ba ni ita. Na dawo gida na bar randa, na bar tukunyar miya, na zauna wata guda cur ina gina masu dogon wuya. Na jera su a tsakar gida suna bushewa, ina zagaya su ina jin babu kamata a Garwa. Ranar gashi na shimfiɗa itace da kashin shanu, na rufe da ciyawa, na sa wuta. Tun wutar ba ta lafa ba na fara jin ƙas, ƙas. Da na tone toka, kowane tulu ga cikinsa lafiya lau, ga wuyansa a gefe yana kwance. Babanki, Allah Ya ji ƙansa, ya leƙo ya duba ya ce, "Ashe ke ma kin shiga fawa? Wa ya yanka miki su haka?" Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Sai daga baya na gane abin da ban tambaya ba. Wancan tulun da farar ƙasa mai laushi aka yi shi, a rufaffen murhu aka gasa shi, inda zafi ke hawa a hankali ta kowane gefe. Yumɓunmu na bakin Binuwai yana da yashi, muna ƙara masa dakakken tsingaro, wutarmu kuma a fili take, iska na juya ta yadda ta so. Yumɓu irin wannan ciki yake so da gajeren wuya. Na kwaikwayi siffa ban san dalilinta ba. To ke idan kin ga aikin da ya burge ki, kada ki yi saurin ɗauko laka. Ki tambaya da wace ƙasa aka yi, wace irin wuta ta ci shi, me ya dami mai shi har ya yi shi haka. Idan kin samu amsar, sai ki ajiye hoton ki juya masa baya, ki tambayi taki ƙasar abin da za ta iya. Abin da ya rage a kanki bayan kin daina kallo, shi ne naki.

Ban daddara ba. Wuya ya ƙi, sai na koma neman ƙyalli. Na aika aka sayo mini fentin mota, shuɗi da kore, na shafe randuna ciki da waje. Suka yi sheƙi, mata suka yi rububi. Ba a yi mako biyu ba maƙwabciyarmu ta turo tata a baro, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Maman Nafi, randarki dai kyakkyawa ce, amma ruwanta kamar an ɗora a wuta, ga warin gareji." Randa da gumi take sanyaya ruwa, ni kuwa na toshe mata kowace kafa. A can za su koya miki ƙyallin gaske, irin wanda ake narkarwa a murhun lantarki, wanda kike ce wa emay. Ki koya da kyau, ki fi kowa iyawa, ina so ki dawo ki nuna mini. Ki dai riƙa tuna cewa duk abin da kika ƙara wa tukunya akwai abin da kika hana ta. Idan kin san me kika hana ta kuma kin yarda, to bismillah.

Na ukun ke na yi wa, kuma kin san shi, ko da yake ba mu taɓa tayar da zancen ba. Kina aji uku a lise, wato sakandare, kika gina wata doguwar tukunya, kika bi ta da tsinke kika huda ta ko'ina, manyan kafofi a ƙasa, ƙanana a sama. Kika kawo mini da hannu biyu. Ina cikin aiki, ga mata biyu sun zo sayen kasko. Na kalle ta na ce, "Wannan madambaci ne ko ɓera ne ya gwada haƙoransa? Me za a zuba a ciki, iska?" Matan suka bushe da dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Kika ajiye ta a gindin darbejiya kika shiga ɗaki. Bayan kwana biyu ina neman tsingaron dakawa, na ɗauke ta na sa a turmi.

Shekara biyu ba ki sake nuna mini komai ba. Kina taya ni guga, kina taya ni gashi, amma naki a gidan ƙawarki kike yi. Na lura, na yi kamar ban lura ba, saboda girman kai irin na uwa. Sai wata ranar da na shiga ɗakinki da la'asar neman almakashi, na tarar da irinta a kan taga. Rana ta ratsa kafofin ta zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo, har kan ƙafata. Na daɗe a tsaye, na manta abin da ya kawo ni. A ranar na gane cewa kin zuba wani abu a cikinta, ni ce ban san ana zuba shi a tukunya ba. Kuma hoton irin wannan aikin ne ya buɗe miki ƙofar da za ki shiga yanzu. Ki yafe mini, Nafi. Na yi miki dariya ne don ban gane ba, kuma na ji tsoron a ce 'yata ta san abin da ban sani ba.

Za a yi miki irin wannan dariyar a can, wataƙila da Faransanci mai daɗi. Idan an yi, kada ki kai aikinki gidan ƙawa ki ɓoye. Ki tsaya ki tambayi mai dariyar abin da ya gani. Wani lokaci yana da gaskiya, wani lokaci irina ne. Ke ma za ki ga aikin wasu da zai ba ki dariya. Ki riƙe bakinki, ki koma washegari ki sake kallo da wani hasken. Kuma ranar da kika fara sa tukwanenki a kan farin teburi ana hana mutane taɓawa, kada in ji kin raina mai gina randa. Ita ce ke shayar da unguwa ruwan sanyi a watan da kwalta ke narkewa a Garwa.

To, na gama kewaye-kewaye. Ga maganar.

A danginmu babu wanda ya taɓa gina tukunya. Kakanninmu daga Kano suka zo, wannan gaskiya ne, amma goro da atamfa suka kawo. Da aka yi aurenmu, babanki yana dillancin shanu tsakanin kasuwar Bogo da ta Mindif, sai ya kama mana gida a Mindif, can wajen Marwa. Shekara biyar na yi a can. Ba ni da kowa, shi kullum yana hanya, ga haihuwa shiru. Wata rana randata ta tsage, aka kwatanta mini gidan wata maginiya a gindin dutse. Ana ce mata Dada Buba, wato uwar Buba. Na same ta zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, tana juya wata ƙatuwar randa a cikin ɗan rami tana bugawa daga ciki. Na zo in saya in tafi, sai na kasa tafiya. Ta ɗago ta kalle ni ta ce da Fulatanci, "Joɗa, ɓingel am." Zauna, 'yata. Na zauna. Washegari na koma, alhali ba ni da randar da zan saya.

Duk abin da kika san na iya, a hannunta na koya. Ita ta nuna mini yadda ake ɗanɗana yumɓu da harshe a san yawan yashinsa. Ita ta nuna mini guga da 'ya'yan kuka da aka zura a igiya, da shafa jar ƙasa, da murza igiya a kafaɗar tulu ta bar zane. Baƙin nan da kike taƙama da shi, wanda ake samu idan an ciro tukunya da zafinta an binne a ƙaiƙayi sannan a yayyafa ruwan bagaruwa, nata ne. Ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba. Idan na ɓata aiki ba ta faɗa, sai ta rushe shi da tafin hannu ta tura mini lakar. Lokacin da na yi ɓari ina ni kaɗai, ita ta zo ta yi mako guda tana dafa mini ruwa.

Amma kin san yadda ake kallon irinsu. A wajensu matan gidan maƙera ne ke gina tukwane, mazansu kuma su ke ɗaukar gawa. Ko mutanen garinsu ba sa aurensu, ba sa cin abinci a ƙwarya ɗaya da su. Mu kuma 'yan birni muka ɗora namu rainin a kan wancan. Da muka dawo Garwa na fara gini a bayan ɗaki, kakarki Hajiya Babba, uwar babanki, ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Ke kuma a ina kika kwaso wannan sana'ar? Ba dai wajen mutanen dutsen nan ba?" Na buɗe baki sai na ji na ce, "Haba Hajiya, ai kakata ta wajen uwa maginiya ce a Kano. Gado ne." Ta gyaɗa kai ta ce, "To, in dai na Kano ne." Shi ke nan. A gidanmu duk abin da aka ce daga Kano ya zo ya zama mai tsarki. Na yi ta maimaitawa har na kusa yarda da kaina, har na ƙara wa kakar nan suna da unguwa.

Da nan abin ya tsaya, da sauƙi. Sai Allah Ya ba ni ke. Babanki ya haɗu da Dada Buba a kasuwar Mindif ya gaya mata. Tsohuwar nan da ba ta taɓa wuce Marwa ba ta shigo mota ta zo har Jambutu, tana tambaya gida-gida, da ɗan kaskon turaren wuta da ta gina mini ƙunshe a zani. Ta yi sallama ɗakin cike da matan dangi 'yan barka. Na gan ta a bakin ƙofa da ƙurar hanya a ƙafarta, tana murmushi. Hajiya Babba ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Mai kawo mini yumɓu ce."

Tana jin Hausa daidai gwargwado, Nafi. Na ga murmushin ya tsaya. Aka nuna mata wuri kusa da takalma ta zauna. Wata ta tashi kawo mata ruwa, ta wuce kofunan silba da ke kan faranti, ta ɗauko gwangwanin tumatir a bayan murhu ta ɗauraye. Ina kallo. Kina hannuna, an yi ta miƙa ki daga wannan cinya zuwa waccan, amma ban miƙa mata ke ba. Ta shanye ruwan, ta ce useko, wato ta gode, ta leƙa fuskarki daga nesa ta yi miki addu'a da harshensu, ta ajiye kaskon ta fita. Ban raka ta ko zaure ba. Na ce wa kaina jego ne ya hana ni.

Shekara ashirin da huɗu ke nan. Na yi azumi, na je Makka, na roƙi gafarar abubuwa da yawa da sunansu, amma wannan kullum sai in tsallake shi. Sai da kika tsaya a gabana kina karanta mini layin nan da alfahari na ga cewa ƙaryar ta girma, ta yi ƙafa, za ta hau jirgi ta tafi Yawunde a liƙa ta a bango.

Kin tuna makon jiya da na ce zan je Marwa duba gwaggonki? Na duba ta, na minti goma. Daga nan na hau babur zuwa Mindif. Ƙaramar baƙar tukunyarki da kika juya gidan nan kina nema, tana cikin jakata. Duk hanya ina addu'a biyu masu karo da juna, Allah Ya sa tana raye, Allah Ya sa kada in same ta.

Tana raye. Ta tsufa ƙwarai, idanun sun tafi, ta daina gini. Matar Buba ta kai ni wajenta a inuwar rumbu. Na durƙusa na gaishe ta, ban faɗi sunana ba. Ta karkata kai ta ce, "Matar dillali. Muryarki ta yi ƙiba." Na fara magana, kuka ya ci ƙarfina, na dai faɗi abin da na zo faɗa. Na ce na ɓoye ta, na ce na wulaƙanta ta a ɗakina, na ce ta yafe mini. Can ta ce, "Gwangwanin yana da tsatsa a baki. Na tuna." Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Matar Buba ta kawo mata ruwa a ƙwarya, ta juya za ta nemo mini kofin baƙi. Na ce ta bari. Da tsohuwar ta sha na karɓa na sha.

Sannan na sa mata tukunyarki a cinya, na ce aikin jaririyar nan ce, za ta tafi babbar makaranta a kudu. Ta shafa ta daga gindi zuwa kafaɗa. Ta ƙwanƙwasa da farce ta kai kunne. Ta bi kafofin ɗaya bayan ɗaya, ina jira ta ce me za a zuba a ciki, amma ba ta ce ba. Ta ce, "Ta huda tun da sauran danshi, shi ya sa ba ta tsage ba. Tana da hankali." Sai ta zura hannu ciki ta shafa ƙarƙashin leɓen, inda ido ba ya kaiwa. Nan take ta fashe da dariya, irin dariyar da ke sa tari.

Ta ce, "Yarinyar nan, babban yatsanta na dama lafiya yake?"

Na ce lafiya lau.

Ta ce, "Naki fa?"

Na ce nawa ma.

Ta ɗago hannunta ta nuna mini. Babban yatsanta a sandare yake, tun tana yarinya dutsen niƙa ya faɗo mata a kai. Shekara biyar na zauna kusa da hannun nan ban taɓa haɗa abin a kaina ba. Saboda yatsan ba ya lanƙwasuwa, da na tsakiya take fitar da leɓen tukunya daga ciki, babban yana tsaye a sama ba ya aikin komai, shi ya sa ake samun ɗan kwari a ƙarƙashin leɓen. Ni na ga haka take yi, na ɗauka haka ake yi. Ke kuma kika gani a wurina. Ki ajiye takardar nan ki yi kamar kina fitar da baki, ki dubi hannunki. Ni na gwada a kan babur muna dawowa, har mai babur ya tambaye ni ko lafiya.

Ta share hawayen dariya ta ce, "Mata biyu masu lafiyayyen hannu suna gini da karyayyen yatsana! Ki gaya mata ta sauke shi ta yi aiki da shi. Ni dole ce ta sa ni." Ta ƙi ba ni tukunyar. Ta ce ba a ba ta ke ta riƙe ba, don haka wannan ta zauna.

Ga gadonki na gaskiya, Nafi. Bai zo daga Kano ba, daga gindin dutsen Mindif ya zo, daga hannun matar da na zaunar kusa da takalma. Ban san yadda za ki kalle ni bayan kin karanta wannan ba, kuma na yarda da duk yadda ya zo. Ba zan tilasta miki ba, takarda taki ce, alƙalami naki ne, kuma na san akwai 'yan uwa a garin nan da za su ji su tura baki. Amma idan kin tambaye ni, ki soke layin nan. Ki rubuta cewa uwarki ta koya miki, ita kuma Dada Buba ta Mindif ce ta koya mata, matar gidan maƙera. Ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, a liƙa a bangon da manyan mutane za su tsaya su karanta. Duk wanda aikinsa ya buɗe miki ido a can, na Japan ne ko na ɗakin da ke kusa da naki, ki riƙa faɗin sunansa tun ba a tambaye ki ba. Ni na gwada ɗaya hanyar, na gaya miki yadda take.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mini da ke lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciyarki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da hannunki na cikin laka, ki ci abinci, ki kira ni idan kin sauka, ko fushi kike yi ki kira. Allah Ya yi wa hannunki albarka, Ya sa ki wuce ni nesa ba kusa ba. Ƙannenki suna gaishe ki, matan layinmu suna gaishe ki. Kakarki ta Mindif ma tana gaishe ki. Ta ce idan kin zo hutu ki kai mata tukunyar farko da kika gina da yatsu biyar, kuma kada ki daɗe, don ba ta yi wa kowa alkawarin jira ba.

Wassalam.

Mahaifiyarki